Inci Huɗu da Kwata

A jikin katakon ƙofar ɗakin da na yi takaba akwai zane uku na fensir. Na ƙasa daidai haɓata, na tsakiya daidai karan hancina, na sama daidai tsakar kaina. Mijina ne ya zana su, kwana tara kafin ya rasu, da fensirin kafintoci da ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Duk wadda ta zo gaisuwa ta lura da su tana ɗauka tsayin wani yaro ake aunawa. Ban gyara wa kowa ba. Ta ina zan fara? In ce wa matan Zongo tsawon katakon zamiya muka auna, su fita su ce mutuwar miji ta taɓa mini kai?

Shekara tara ina aiki a wani otal a cikin duwatsun arewacin Italiya, ina gyaran ɗakuna. Tsakanin ƙarshen zafi da shigowar sanyi otal ɗin kan rufe na kusan wata uku, sai in zo gida Kumasi. Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma ranar da tafiyar ta samu mijina bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi, "Je ki, Allah ya tsare." Na daɗe ina riƙe da wannan a raina. Mace tana son a ɗan ja da ita, ko da a ƙarshe za a sake ta. Shi kuwa jakata ya ɗauka ya kai ni tasha, har da saya mini burodin hanya.

A can mutane ba su da zance sai na dusar ƙanƙara. Saboda ita baƙin otal suke zuwa. Su ɗaura wasu alluna biyu dogaye a ƙafa, waɗanda suke kira siki, a ja su zuwa kan dutse, su zamo ƙasa, su sake hawa. Shekara uku ina goge ruwan da takalmansu suke bari a ƙasa, ina yi musu kallon marasa aikin yi. A ta huɗu wata abokiyar aikina mai wanke kwanuka ta gaji da bakina, ta ce in zo in gwada sau ɗaya, in ya so in ci gaba da zagin. Na ɗora hular kwano a kan hijabina na bi ta. Faɗuwar da na yi ranar ta fi a ƙirga. Mako na zagayowa na koma da ƙafata, ba wanda ya gayyace ni.

Abu biyu suka kama ni. Na farko dusar da ta kwana tana zuba, ba wanda ya taka ta, mai zurfin da in ka tsaya a ciki sai ta kai maka gwiwa. In ka iya, ba ka jin ƙasa a ƙarƙashinka ko kaɗan, ba ƙara, ba kowa, sai numfashinka. Na biyu wani fili da aka keɓe wa masu wasa, an tara ƙanƙara an yi tudun tsalle, an shimfiɗa akwatuna da ƙarafa ana zamewa a kansu. Matasa ne suka fi yawa a wurin. Ni ce babba, ni ce baƙa, ni ce mai hijabi, kuma ban damu ba. Ranar da na fara tsallake ƙaramin tudun na sauka da ƙafafuna, na yi ihu da Hausa har wani ya zo yana tambaya ko na karye. Tun da na yi wayo a Zongo ban taɓa yin wani abu don daɗinsa kawai ba, sai wannan.

Damuwata ɗaya ce, na haya nake hawa. Na hayar sirara ne masu tauri, an yi su ne don hanyar da aka daddanne. Da na shiga dusa mai zurfi sai bakinsu ya nutse, ni ma in bi shi da fuska. Sai na ƙudura a wannan shekarar zan sayi nawa na kaina, kuma tun ina can na fara bincike, don ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓen ya fi yadda na zata wuya. Ina son mai faɗi a ƙarƙashin ƙafa don ya ɗauke ni a kan dusa, amma in faɗin ya yi yawa sai ya yi nauyi, ba zai juyu a iska ba. Ina son mai baki biyu, gaba da baya duk a ɗage, don in na sauka da baya kada ya soke. Ina son mai laushi, wanda in na danna shi zai lanƙwasa ya mayar da ni sama. Ga kuma tsawo: dusa mai zurfi dogo take so, filin tsalle gajere. Na tace na tace har suka rage uku a wayata, na kasa fitar da ɗaya.

Duk wannan mijina ya sha shi ta waya. In na fara sai ya yi dariya ya ce, "Wai ke da girmanki, Hajiya 'yar wasa." Sannan ya shiga tambayoyin da nake ɗauka na tsokana ne. Wane itace ne a ciki? Faɗin nawa? Na ce santimita goma da ɗoriya. Ya ce shi bai san santimita ba, in faɗa masa da inci kamar 'yar mutane. Muka lissafa, ya kama inci huɗu da kwata. Ya ce, "Inci huɗu da kwata. To wannan ai katakon benci ne." Na kashe wayar a kunnensa. Ina da saurin fushi, ban taɓa musu ba, shi kuma ya san inda ake taɓa ni.

Da na zo gida a wannan zuwan, wata safiya yana shirin fita rumfarsa da ke bayan kasuwar Race Course, ya ce in tsaya jikin ƙofa. Ya dafa kaina da tafin hannu ya zana, ya zana a hanci, ya zana a haɓa, ya ja tef ɗinsa ya auna. Ya ce, "To wanne ne naki a nan?" Na ce ban yanke ba tukuna, amma zuciyata ta fi kwantawa da na hanci. Ya ce, "Na hanci. Dama da shi kike faɗuwa." Na jefe shi da silifa, ya kauce ya fita yana dariya. Bayan kwana tara ya yanke jiki ya faɗi a rumfar, da rana tsaka. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Suka ce hawan jini ne, abin da bai taɓa gaya mini yana da shi ba.

Daga ranar aka rufe ni. Wata huɗu da kwana goma, a ɗakin miji, a gidan iyayensa. Gidanmu irin na Zongo ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, ƙofar fita ɗaya, kuma ɗakin surukata, wadda kowa ke kira Mma, yana kallon wannan ƙofa. Mma ce ta zauna ta jera mini dokoki, wasu na littafi, wasu na tsofaffi, ba ta raba su. Ba turare, ba kwalli, ba lalle, ba ɗan kunne. Zane biyu marasa ado, in wanke ɗaya in ɗaura ɗaya. Ta juya madubi ya kalli bango. Ta ba ni wata 'yar wuƙa ta ce in riƙe in zan zaga bayi. Kada in ɗaga murya, kada in tsaya a bakin ƙofa, kada a ji dariyata. Na ce to, don a makon farko ko cewa aka yi in haɗiye wuƙar zan ce to.

Ɗakin taku huɗu ne a tsaye, taku uku a kwance. Na auna shi ya fi sau dubu. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon maƙwabta, tsakaninsu kwata. Ta nan nake jin duniya tana wucewa: mai koko da asuba, karatun makarantar allo, hon ɗin aboboya mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya, yaran mota masu kiran fasinjan kasuwa, Kejetia, Kejetia, daga bakin titi. In aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, kwanon rufin ya sauko mini da zafinsa har tsakar kai. Ina zaune zufa na bin bayana ina tuna wurin da nake sa safar hannu biyu.

Na yi kuka a kwanakin farko, amma gaskiya ba ta da daɗi: kafin sadakar arba'in kukan ya ƙafe, fushi ya maye gurbinsa. Fushi da shi nake yi. Mutumin da shekara tara bai taɓa cewa in zauna ba, sai da ya mutu ya ɗaure ni. Ya ɓoye mini ciwonsa, ya yi wa abin da nake so dariya, ya tafi ya bar ni da mahaifiyarsa da wuƙa a hannu. Ina istigfari, fushin yana dawowa.

Ana cikin haka saƙo ya shigo daga matar da ke kula da ma'aikatan otal. Ta yi mini ta'aziyya da kyau, sannan ta ce za a buɗe a farkon Disamba. In ban iso a makon buɗewa ba, dole ta ba wata gurbina, ba don tana so ba. Takardar zamana a ƙasar kuwa a jikin aikin take rataye, in ya tafi ita ma ta kama hanya. Na ƙirga kwanakina da yatsu. Takabata ba za ta cika ba sai ƙarshen Janairu. Mako bakwai ne tsakani. Mako bakwai kacal, amma ba su da hanyar tsallakewa: ko in fita daga takaba ban cika ba, ko in rasa aikin da dutsen da duk abin da na gina.

Ban gaya wa kowa ba. Abin da na koma yi shi ne zaɓen siki. Da na idar da azahar, gida ya yi shiru, sai in juya wa ƙofa baya in buɗe waya. Guda ukun nan suna nan suna jirana. Na farko shi ya fi faɗi, a dusa mai zurfi ba shi da na biyu, amma masu shi suna kukan nauyinsa a tsalle. Na biyu siriri ne kaɗan, mai sauƙin juyi, sai dai na san in dusa ta kai gwiwa zai ci amanata. Na ukun shi ne mai inci huɗu da kwata, baki biyu, mai laushi a gaba da baya, wurin ɗaura takalmi kusa da tsakiya. Na karanta abin da mutane suka rubuta a kansu har na haddace. Na kalli bidiyon wata yarinya tana juyi da na ukun, na kashe sautin, na maimaita shi har batir ya mutu. Ba saya nake yi ba. Muddin ban gama zaɓa ba, ina ji kamar ƙofar komawa a buɗe take.

Rannan wata gwaggon mijina da ta zo daga Asokore Mampong ta shigo ba sallama, ta leƙo ta kafaɗata. Ta ga mutane suna tsalle cikin fari. Ta fita tsakar gida ta ce wa Mma da muryar da aka yi don in ji, "Ai boga boga ce. Ƙasa ba ta gama shan ruwan kabarinsa ba, ita tana kallon sinima. Hankalinta ba ya nan kraa, ko kaɗan." Boga shi ne sunan da ake kiran duk wanda ya zauna Turai, wani lokaci yabo, wani lokaci zagi. Wannan na zagin ne.

Na manta da dokar murya. Na fito bakin ƙofa na ce, "Gwaggo, hankalina ne kuka ce ya yi takaba ko jikina? Jikin ga shi nan kun samu, ku bar mini sauran." Masu wanki suka tsaya da hannu a cikin kumfa. Mma ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Koma ciki, 'yata." Na koma. Wannan "'yata" ya fi mari ciwo, don da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Washegari na aika a kira mini wan mijina. Malami ne, yana da makarantar Islamiyya a bayan masallacin unguwa, Yaya muke ce masa. Ya zauna a kan benci a waje, ni ina ciki, labule a tsakaninmu. Na karanta masa saƙon otal, na ce ya gaya mini gaskiyar hukunci, ba na tsofaffi ba.

Ya ce, "Wuƙa da madubi ba su cikin littafi, wannan na su Mma ne. Zaman gida kuwa yana ciki. Amma malamai sun yi maganar larura. Wadda za ta rasa abincinta, akwai masu yi mata sauƙi."

Na ce, "To ni ina ciki ko ba na ciki?"

Ya ce, "Ke kika san nauyin larurarki. Ni ba zan auna miki ba. In kin tafi ba zan ce kin yi saɓo ba, in kin zauna ba zan ce kin yi wauta ba."

Na so in yage labulen. Na kira shi ne ya hana ni in samu wanda zan yi wa tawaye, ko ya sake ni in samu wanda zan jingina wa laifi. Sai ya ɗauki kayan ya mayar mini a ka. Kuma a can ƙasan raina na san abin da ban gaya masa ba. Ba yunwa nake tsoro ba. Ina da hannu, ina da 'yan'uwa, ba zan kwana da yunwa a Kumasi ba. Dutsen nake so. Wa zai kira wannan larura?

Duk da haka na yanke. Na sa ƙanwata ta tabbatar mini da tikitin jirgi, ta kuma nemo motar da za ta kai ni Accra. Ran nan na buɗe waya na zaɓi na ukun, tsawon da ya zo mini hanci, na ajiye shi a kwandon saye, na ce ina sauka zan biya. Sannan na je ɗakin Mma da ƙafata, na durƙusa na gaya mata ranar Alhamis zan tafi. Tana tsinke zogale a tire. Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Yoo. Na ji." Ta ƙara da cewa, "Allah ya tsare." Kalmar ɗanta ce sak, har yadda yake sauke ta. Na tashi da sabon fushi, na ce a raina, gidan nan kaf ba wanda ya iya riƙe mutum sai da gawa.

Ranar Laraba da hantsi ina ninke kaya na ji aboboya ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ne. Mai filin da rumfar mijina take ya nemi wurinsa, shi ya sa suka kwashe kayan aikin. Ina ji ana shigo da zarto da gudumomi da guntayen katako ana jibgewa a tsakar gida. Can sai Yaya ya yi sallama a bakin labulena.

Ya ce, "Akwai wani abu da muka samu a saman rumfa, a naɗe da buhu. Kafintocin wurin duk sun duba, ba wanda ya san na mene ne. Wani ya ce hannun kujera, wani ya ce ƙafar gadon jariri. Mma ta ce a kawo miki."

Guda biyu ne, ya turo su ta ƙarƙashin labule ɗaya bayan ɗaya, yana nishi. Suka ja ƙasa da ƙara.

Alluna biyu ne dogaye. Baki a ɗage gaba, baki a ɗage baya. Sun ɗan tsuke a tsakiya, sun buɗe a kai da gindi, yadda na sha kwatanta masa yana dariya. Na ɗaga ɗaya da ƙyar na jingina shi da katakon ƙofa. Ya tsaya daidai zanen tsakiya, na hanci. Tef ɗinsa yana kan taga tun ranar da ya bar shi, na ɗauko na auna faɗin wurin ƙafa, ko da yake na riga na sani. Inci huɗu da kwata.

Da odum ya yi su. Wanda bai san Kumasi ba, odum shi ne sarkin katako a wurinmu, da shi ake ƙofar da za ta binne mai gida da jikokinsa. Gara ba ta cinsa, ruwa ba ya kada shi, kuma ba ya lanƙwasa ko giwa ta hau. A wurin kafintan Zongo, in kana ƙaunar mutum odum kake yi masa. Farin katako marar nauyi na masu neman araha ne. Na gaya masa sau nawa cewa laushi ake so, rashin nauyi ake so? Ya ji faɗi, ya ji tsawo, ya ji baki biyu, amma wannan ɗaya kunnensa na kafinta ya ƙi ɗauka. Ba zai ɗora matarsa a kan abin da ke lanƙwasa ba. Bakunan ma ba tanƙwara su ya yi ba, katako mai kauri ya samu ya sassaƙe shi har siffar ta fito. Aikin makonni ne, ba na kwana tara ba. Tun ina can ya fara, tun lokacin da yake ce mini katakon benci.

A tsakiyar kowanne ya kafa maɗaurin fata, ɗinkin dukawan unguwarmu, ja da baƙi, irin na takalmin sallah. Ɗaya ya sha fenti mai sheƙi har ina ganin inuwar fuskata a ciki, fuskar da na yi wata biyu ban gani ba. Ɗayan ko gugar ƙarshe bai samu ba, zanen fensirinsa yana nan a jiki.

Ban ji shigowar Mma ba. Sai muryarta na ji a bayana. Ta ce, "Ya ce kada a gaya miki sai ya gama. Kullum in ya dawo sai ya zauna nan yana ba ni labari, wai matarsa tana tashi sama kamar shirwa, Turawa suna tsayawa kallo. Ya nuna mini a waya. Na ce ba ka tsoron ta karye? Ya ce, Mma, tun da na aure ta ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar ba, ki bar ta." Ta gyara mayafinta. "Ni ban san abin ba. Na dai san ya sha wuya a kansa paa, ba kaɗan ba."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba da na ce zan tafi?"

Ta ce, "In faɗa miki don ki zauna? Shi bai riƙe ki ba, ni ce zan riƙe ki da kayansa?" Ta fita ta saki labule.

Na shimfiɗa su a ƙasa, gefe da gefe. Sun kusa cinye faɗin ɗakin. Na cire silifa na zura ƙafafuna cikin fatar, ta kama ni cif, don ya san ƙafata. Na durƙusa kaɗan yadda ake yi kafin tsalle, na danna. Ko gezau. Na yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa ɗaya, ta tashi da ƙyar ta koma ƙasa da ƙara. Da an kai waɗannan kan dutse, da dariya za ta kashe matasan filin nan. Ba za su juyu ba, ba za su yi wasa ba, a gangaren farko za su karya mini gwiwa. A duk sikin da na duba a duniya ba a taɓa yin marasa amfani kamarsu ba. Ina tsaye a kansu, a tsakiyar ɗaki, da zanen takaba, kukan da ya ƙafe tun kafin arba'in ya ɓalle mini. Na manta da dokar murya a karo na biyu, wannan karon ba wanda ya ce in yi shiru.

Da la'asar ƙanwata ta kira ta ce, "Sista, direban ya ce gobe ƙarfe shida zai zo, ki zama redi." Na ce ta ba shi haƙuri. Ta ce, "Kin san abin da kike yi kuwa? Aikin fa? Pepa ɗinki na zama fa?" Na ce na sani. Kuma na sani ɗin, ba wanda ya rufe mini ido. Na rubuta wa matar otal da hannuna, ta amsa da baƙin ciki, ta ba wata gurbina a makon. Takardar zamana ta mutu a lokacinta. Har yau ban sake taka dusar ƙanƙara ba, kuma ƙarya nake in na ce ba ta yi mini ciwo. Duk Disamba sai na ji shi a ƙafafuna. Sikin da na zaɓa ya daɗe a kwandon saye, har wata rana na duba aka ce ya ƙare.

Ranar Alhamis ɗin, lokacin da ya kamata a ce ina hanyar Accra, na aika wa Yaya ya duba mini cikin kayan da aka jibge, ya kawo takardar guga da ragowar gwangwanin fentin. Ya kawo. Na zauna a ƙasa na ɗora wanda ba a gama ba a cinyata. Ɗakin yana nan yadda yake, taku huɗu da taku uku, an ɗauke wuta, kwanon rufi yana zuba zafi. Na fara guga daga baki, a hankali, ina kewaye zanen fensirinsa don kada ya goge.

Mma ta leƙo ta ga abin da nake yi. Ta ce, "Saura kwana nawa ma, 'yata?"

Kullum da lissafin nake kwana, da shi nake tashi. Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ga ranar ban ƙirga ba.